Hirar Zaure: Autan Magarit

   A wannan fitowar ba zancen samari za mu yi ba, ba kuma na kwalliya ko girki ba. Ku gyara zama, can ƙasar Amurka zan kai ku, ku ji labarin wata uwa da autanta. Ni dai tun ranar da na karanta shi ya tsaya mini a rai, duk sanda na tuna sai in rasa wanda zan fi tausaya wa a cikinsu.

Ranar Juma'a 22 ga Nuwamba 1963, da misalin ƙarfe 12:30 na rana, aka harbe shugaban Amurka John Kennedy yana cikin buɗaɗɗiyar mota tare da matarsa a birnin Dalas na jihar Teksas. Gari ya rikice, kowa hankalinsa a tashe. Ana cikin wannan hali sai waya ta yi ƙara a ofishin wata jarida ta garin Fort Worth, wanda tsakaninsa da Dalas bai fi tafiyar kilomita 50 ba. Wani saurayin ɗan jarida mai suna Bob Schieffer ya ɗauka, sai ya ji muryar wata dattijuwa tana tambayar ko akwai wanda zai kai ta Dalas a mota. Haushi ya kama shi, ya ce da ita baiwar Allah nan fa ba tashar tasi ba ce, ban da haka ma ba ki ji an harbi shugaban ƙasa ba? Yana shirin kife wayar sai ta ce ai ta ji a rediyo, kuma tana jin ɗanta ne wanda aka kama.

Ai kuwa bai yi wata-wata ba, ya nemo abokin aikinsa mai mota suka je suka ɗauko ta. To ku da kanku ku auna, uwar da aka kama ɗanta da zargin kashe shugaban ƙasa, me kuke jin zai fito daga bakinta a cikin wannan mota? Kuka? Ko tambayar an dake shi, ya ci abinci? Ɗan jaridan nan ya sha ba da labari a bayan shekaru cewa yawancin maganarta a kan kanta ta ƙare. Wai yanzu jama'a matar ɗan nata za su tausaya wa, su tara mata kuɗi, ita kuwa uwa da ta haife shi a manta da ita yunwa ta kashe ta. Tabɗijam!

Sunan wannan mata Marguerite Oswald, amma bari mu riƙa ce mata Magarit don kada harshenmu ya karye. Ɗan nata kuwa shi ne Lee Harvey Oswald, yana da shekara 24 a lokacin. Kuma a ranar da ta hau wannan mota, ta fi shekara guda ba ta sa shi a ido ba, ba ta ma san unguwar da yake ba, alhali tsakaninsu tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. Shi ya ɓoye mata.

Kafin mu ga laifinta, mu fara ganin wahalarta, don ta sha ta ba kaɗan ba. An haife ta a New Orleans a 1907, uwarta ta rasu tana 'yar shekara 4. Aurenta na fari ya mutu ya bar ta da ɗa ɗaya, John Pic. Ta auri Robert Oswald, wani mai karɓar kuɗin inshora, suka haifi ɗa aka sa masa sunan ubansa. Tana da tsohon ciki na uku, a watan Agusta 1939, zuciyar mijin ta buga ya faɗi ya mutu. Bayan wata biyu, ranar 18 ga Oktoba 1939, ta haifi Lee. Ku duba fa, mace mai shekara 32, ga yara maza uku, ga babu miji. Ta buɗe ɗan shagon allura da zare da alewa a ɗakin gaba na gidanta, ciniki ya ƙi. A farkon 1942 sai ta kai manyan biyu gidan marayu na wata coci, ta so ta haɗa da Lee aka ce ya yi ƙanƙanta. Ta jira ya cika shekara 3, ranar 26 ga Disamba 1942, wato washegarin Kirsimeti, ta miƙa shi shi ma. Ya yi wata 13 a can.

Ban ce ba ta da hujja ba, dole ta fita nema. Amma abin da yaran suka riƙe a zuciya ba zaman gidan marayun ba ne, irin maganar da suke ji daga bakinta ce. Robert, yayan Lee, ya faɗa bayan ya manyanta cewa tun suna ƙanana suka gane su kaya ne a wuyanta. Kullum zancenta kuɗi, kullum duniya ta cuce ta, kullum ita ce ta sadaukar da rayuwarta ba wanda ya gode. Yaro kuwa in ya saba jin haka, ko ba a ce da shi kai ne silar wahalata ba, shi zai fassara wa kansa.

A 1945 ta yi aure na uku da wani injiniyan lantarki mai rufin asiri, Edwin Ekdahl. Lee ya shaƙu da mutumin nan ƙwarai, don shi ne kaɗai uban da ya taɓa sani. Amma gidan bai zauna lafiya ba, yau faɗa kan kuɗi, gobe zargin yana neman wata, har ta kai Magarit ta je ta rutsa shi a gidan wata mata. A 1948 kotu ta raba auren. Lee yana da shekara 8 ya sake zama marar uba.

Daga nan ne rayuwar tasu ta ɗauki wani salo mai ban mamaki, kuma nan nake so ku natsu. Magarit ta fita aiki tun safe, sayar da kaya a kantuna ko tallan inshora, Lee ya taso daga makaranta ya buɗe gida ya zauna shi kaɗai. Ta fi son ta dawo ta same shi a ɗaka da ta ji yana wasa da 'ya'yan maƙwabta. Da dare kuwa gado ɗaya suke kwana, John Pic ya shaida cewa haka suka yi ta yi har Lee ya kusa shekara 11. Kun ga ke nan, da rana ba ta nan sam, da dare kuma ko numfashi ba ta bar shi ya yi shi kaɗai ba. Sannan ba a isa a ce ya yi laifi ba. Wani maƙwabcinsu ya ba da labarin ranar da ya ga Lee ya bi yayansa da wuƙa a guje har ya jefe shi da ita, uwar tana kallo ta ce ai ba komai, 'yar hatsaniya ce irin wadda suka saba. Mu nan mun san shagwaɓar auta, amma ko autan da ya fi kowa gata akwai kawu ko goggo ko maƙwabcin da zai ja masa kunne, uwa kuma ta kau da kai. Lee ba shi da wannan. Ga yawan tashi kamar masu gudun bashi, kafin ya cika shekara 17 ya zauna a gidaje sama da 20, ya shiga makarantu 12. Ina zai yi aboki?

Yayyen nasa kuwa kowanne yana samun dama sai ya cika wandonsa da iska. John Pic ya shiga aikin masu gadin gaɓar teku a 1950, Robert ya shiga sojan ruwa da ake kira Marin a 1952. Gida ya rage daga ita sai auta.

A watan Agusta 1952 ta tattara shi suka tafi Niyok, suka sauka a ɗan gidan da John Pic yake zaune da amaryarsa da jaririnsu. Ku da kuke shirin aure kun san yadda zama da uwar miji yake in ta zo ba ranar tafiya. Ba a daɗe ba rigima ta tashi, Lee ɗan shekara 12 ya zare wa matar yayansa 'yar wuƙar aljihu, ya kuma kai wa uwarsa hannu. Aka ce su nemi wani wuri. Suka koma unguwar Bronx, yara a makaranta suka riƙa yi masa dariya saboda irin tufafinsa da karin harshensa na mutanen kudu, shi kuwa sai ya daina zuwa. Uwa ta fita aiki, shi ya zauna gaban talabijin, ko ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya yi ta yawo, ko ya wuni a gidan zu yana kallon dabbobi. A can gidan zun jami'in kama masu gudun makaranta ya same shi.

Kotun yara ta tura shi gidan horon yara na mako uku, daga 16 ga Afrilu zuwa 7 ga Mayu 1953, don a binciki halinsa. Wallahi wannan wurin ne ya fi taɓa ni a duk labarin. An gwada ƙwaƙwalwarsa aka ga ta fi ta yawancin sa'anninsa kaifi. Wata ma'aikaciyar walfiya mai suna Evelyn Strickman ta zauna da shi ta ja shi da hira a hankali, yaron da ba ya magana da kowa sai ga shi ya buɗe baki. Abin da ta rubuta shi ne, yaron nan yunwar ƙauna ke damunsa, yana ganin uwarsa ba ta taɓa damuwa da shi ba, ɗaukarsa take wani nauyi da ya zame mata dole. Da aka tambaye shi ko yana son ta, amsar da ya bayar ba ta wuce cewa ai dole ya zauna da ita, yana jin dai yana son ta ba. Yaro ɗan shekara 13 ke nan ake tambaya game da mahaifiyarsa, yana lalube kamar an tambaye shi lissafi.

Likitan ƙwaƙwalwa na gidan, Dokta Renatus Hartogs, ya ba da shawarar a sa yaron a hannun masu ba yara magani da shawara, ita ma uwar a haɗa ta da masu taimakon iyali. A nan fa Magarit ta ce ba ta san zance ba. A ganinta ɗanta lafiyarsa ƙalau, mutanen Niyok ne suka mai da gudun makaranta kamar kisan kai, kuma ba wanda zai shigo mata gida ya koya mata tarbiyya. Jami'in da kotu ta ɗora a kan yaron, John Carro, ya yi ta bibiya, tana ta zillewa. Da ta ga alƙali yana shirin a ɗauke yaron a kai shi inda za a kula da shi, a watan Janairu 1954 sai ta ɗaure kayanta ta gudu da shi New Orleans, inda hannun kotun Niyok bai kai ba. Ni a nawa ganin, in akwai ranar da aka yi asarar Lee Oswald, to wannan ce. Mutane sun gano ciwon, sun kawo magani har ƙofar gida, mai gida ta rufe ƙofa don kada a ce ta gaza. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dab da cikarsa shekara 16 ya bar makaranta da wata takardar ƙarya da ya rubuta da sunan uwarsa. Ya nemi shiga soja, ita da kanta ta sa hannu a takardar rantsuwa cewa ya kai 17, masu ɗaukar soja suka gane suka koro shi. Ya zauna yana haddar littafin horon soja na yayansa Robert, yana kuma karatun littattafan gurguzu da yake arowa a laburare. Kwana 6 da cikarsa shekara 17, ranar 24 ga Oktoba 1956, ya shiga Marin. Da aka tambayi John Pic daga baya me ya kai ƙaninsa soja, cewa ya yi abin da ya kai shi da Robert ne ya kai Lee, wato su fita daga ƙarƙashin danniyar uwarsu. 'Ya'ya uku, ciki ɗaya, ƙofa ɗaya suka bi suka fice.

Ya yi aiki a Japan a kan na'urar hango jirage, ya koya wa kansa harshen Rasha. Sai ga wani abu da ya nuna yadda zuciyarsa ta bushe game da ita. A ƙarshen 1958 wani mazubin alewa ya faɗo daga kan kanta a kantin da take aiki ya same ta a hanci, ta yi ta zaryar likitoci tana kukan ba ta iya aiki. Lee ya ɗauki wannan ya kai wa hukumar soja, ya ce a sallame shi ya je ya riƙe mahaifiyarsa. Aka tausaya aka sake shi ranar 11 ga Satumba 1959. Ya iso Fort Worth, ita tana murna auta ya dawo zai ɗauke mata nauyi. Kwana uku kacal ya yi, ya ba ta dala 100, ya ce zai je New Orleans neman aikin jiragen ruwa. Daga can ya aiko mata 'yar wasiƙa cewa ya hau jirgi zuwa Turai, bai gaya mata shirinsa ba don ya san ba za ta fahimta ba. Ya bi ta Faransa da Ingila da Finlan, a tsakiyar Oktoba yana Mosko. Ƙarshen watan ya shiga ofishin jakadancin Amurka ya ajiye fasfo ɗinsa a kan tebur, ya ce ya bar ƙasarsa. A jarida Magarit ta gani. Daga baya ya rubuto wa Robert cewa ya yanke duk wata igiya da ta ɗaure shi da rayuwarsa ta baya, kada a sake nemansa. Rashawa suka tura shi birnin Minsk aikin masana'antar rediyo, aka yi sama da shekara ba a ji ɗuriyarsa ba.

Amma fa a gaya wa Magarit gaskiyarta, ba ta zauna ba. Ta yi ta rubuta wasiƙu ga hukumomi, da ta gaji, a watan Janairu 1961 ta ci bashi a kan inshorarta ta hau jirgin ƙasa har Washinton. Tana sauka ta buga waya fadar shugaban ƙasa ta ce a haɗa ta da shugaba. Kun san wane ne shugaban? John Kennedy, wanda bai fi kwana shida da hawa mulki ba. Ikon Allah! Ba ta gan shi ba, amma jami'an ma'aikatar harkokin waje sun zauna da ita, ta ce musu ita tana zaton ɗanta ɗan leƙen asirin Amurka ne da aka tura Rasha. Wannan zato bai bar bakinta ba har ta mutu. Ya fi mata sauƙi ta yarda gwamnati ce ta aike shi da ta yarda shi ya zaɓi ya tafi ya bar ta.

Rasha ma ta ishe shi. Ya auri wata yarinya mai aikin haɗa magunguna, Marina, a ƙarshen Afrilu 1961, suka haifi 'ya mace, a watan Yuni 1962 ya dawo Teksas da su. Suka fara sauka gidan Robert. Magarit ta bar aikin da take yi a wani gari ta taho, ta kama haya a Fort Worth ta ce su dawo wurinta. Tun a farkon haɗuwa ta ce za ta rubuta littafi a kan tafiyarsa Rasha, ya ce ba ta isa ba. Ta fara ƙorafin suna magana da Rashanci a gabanta, ita ba ta ji. Ko wata ɗaya ba su cika ba ya nemi ɗakin haya suka tashi. Ta gano gidan, ta riƙa zuwa da kaya niƙi-niƙi, riguna ga Marina, kujerar cin abinci ga jaririya. Ke da kike karatu za ki ce ai wannan alheri ne, haka ita ma Marina ta ɗauka. Shi kuwa Lee ya san kyautar uwarsa, yau a ba ka gobe a yi maka gori, sai ya ce ta daina, ya kuma hana matarsa buɗe mata ƙofa.

Kada ku ɗauka shi ɗin mutumin kirki ne da aka zalunta kawai. Yarinyar nan da ya rabo da ƙasarta, ba ta jin Turanci, ba ta da kowa, dukanta yake yi. Wata rana Magarit ta zo ta ga idon Marina ya kumbura ya yi baƙi, ta tambayi ɗanta, ya ce ba ruwanta, ta ja bakinta ta yi shiru. Da ta zo ba da shaida daga baya, cewa ta yi ita ba ta goyon bayan duka, amma akwai lokacin da mace take jawo wa kanta. Haba Magarit! Matar da ke tsoma baki a kan kujerar jaririya da yaren da za a yi a gida, ranar da ya kamata ta tsawatar sai ga shi ta sake kare shi, kamar dai ranar wuƙa.

A watan Oktoba 1962 ya tashi ya koma Dalas bai yi mata sallama ba. A watan Nuwamba, ranar bikin godiya da Amurkawa ke haɗuwa iyali guda a ci abinci, 'yan uwan uku suka haɗu da matansu da 'ya'yansu a gidan Robert, ba wanda ya gayyaci uwar. Marina ta sake haihuwa a watan Oktoba 1963, kaka ba ta ko san da cikin ba. Sai a daren da aka harbi Kennedy ta fara ganin jikar tata, a daren nan kuma da 'yan mujallar Life suka zo ɗaukar hoto a gidan da Marina take zaune, Magarit ta tsaya kai da fata sai an yi maganar biya.

Washegari Asabar aka bar su ita da Marina su gan shi. Gilashi a tsakaninsu, magana ta wayar tarho. Ta ga fuskarsa da rauni ta tambaye shi ko dukansa ake yi, ya ce a'a, wajen kama shi ne aka yi kokawa, komai lafiya, ya san haƙƙinsa, kada ta sa baki. Maganar da ta fi tsawo da Marina ya yi ta, har yana tuna mata ta saya wa babbar 'yarsu takalmi. Wannan ce ganawarsu ta ƙarshe. Ranar Lahadi 24 ga Nuwamba, ana fito da shi daga ofishin 'yan sanda za a kai shi kurkuku, wani mai gidan rawa da ake kira Jack Ruby ya kutso cikin 'yan jarida ya harbe shi a ciki, mutane suna kallo a talabijin. Ya cika a asibitin Parkland, inda Kennedy ya cika kwana biyu kafin nan. Ranar Litinin, ranar da shugabannin duniya suka taru binne Kennedy, aka binne Lee a maƙabartar Rose Hill ta Fort Worth. Danginsa a wurin su biyar ne, uwarsa, Robert, Marina da jarirai biyu. Aka rasa masu ɗaukar akwatin gawa, sai 'yan jaridan da suka zo ɗaukar labari ne suka kama.

Shi ya sa har yau ake cewa wanda ake zargi, don bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, kuma kafin ya mutu ya musanta. Kwamitin bincike na alƙalin alƙalai Earl Warren ya yanke a 1964 cewa shi ne ya yi harbin daga hawa na shida na ma'ajiyar littattafan da yake aiki, shi kaɗai, kuma shi ya kashe ɗan sanda J. D. Tippit a ranar. Wani kwamitin majalisa a 1979 ya yarda harsashinsa ne ya kashe shugaban, amma ya ce da alama akwai haɗin baki. Robert ya rayu har 2017 yana mai yarda ƙaninsa ne ya aikata.

Magarit kuwa sai ta samu abin da ta daɗe tana nema, wato a saurare ta. Ta ɗauki lauya Mark Lane ya kare sunan ɗanta. Ta yi kwana uku a gaban kwamitin Warren a watan Fabrairu 1964 tana zuba, a tambaye ta gabas ta amsa yamma, zance ya zagayo ya dawo kan wahalar da ta sha. Ta sayar da wasiƙun da ya rubuto mata daga Rasha, ta riƙa karɓar kuɗi kafin ta yi hira ko ta sa hannu a takarda. Wata marubuciya, Jean Stafford, ta yi kwana uku tana hira da ita a 1965 ta fitar da littafi a 1966, a ciki Magarit tana kallon kanta a matsayin uwar da ta shiga tarihi. Yau ta ce ɗanta ba shi da laifi, gobe ta ce in ma shi ne to aikin gwamnati ya yi, jarumi ne da ya kamata a girmama.

Na san wasunku za su ce to Anti, ashe ita ce ta kashe Kennedy ke nan. A'a, ban faɗa ba kuma ba zan faɗa ba. Namiji mai shekara 24 da mata da 'ya'ya biyu, in ya sayi bindiga ya hau bene, shi ya hau. Kuma cikin da ya haife shi shi ya haifi John Pic da ya yi aikin sojan sama ya riƙe iyalinsa, da Robert da ya yi aikinsa a kamfanin bulo ya tsufa da mutuncinsa. Sai dai na lura da abu guda. Su manyan sun yi shekaru a gidan marayu da makarantar kwana, sun ga wasu manya, sun ji wasu muryoyi, suna kuma da junansu. Wanda ta fi so, ta riƙe a jikinta ta hana kowa taɓawa, shi ne ya lalace. Kuma ban yarda da masu cewa ba ta ƙaunarsa ba. Matar da ta ci bashi ta hau jirgi har Washinton neman ɗan da ya ce kada a neme shi, tana ƙaunarsa. Amma a duk abin da na karanta na maganganunta, ɗana kaza, ɗana kaza, ban ci karo da wurin da ta tsaya ta tambaye shi me ke damunsa ta kuma jira amsa ba. Baƙuwar ma'aikaciyar walfiya ta yi haka cikin mako uku, ta ji abin da uwa ba ta ji ba cikin shekara 24.

Bayan jana'izar nan zumunci ya yanke tsakaninta da sauran 'ya'yan nata biyu da Marina, jikokin ma ba ta samu ta gan su suna girma ba. Ta zauna ita kaɗai a wani ɗan gida a Fort Worth cike da littattafai da yankakkun jaridu a kan kisan Kennedy, tana zuwa kabarin tana share shi tana sa furanni. A 1967 wasu samari suka sace dutsen da aka rubuta sunansa a kan kabarin. Da 'yan sanda suka gano shi suka dawo mata da shi, ba ta mayar ba, sai ta ɓoye shi a ƙarƙashin gidanta, ta sa wani ƙarami a madadinsa wanda ba komai a jikinsa sai OSWALD. Ciwon daji ya kama ta, ta rasu ranar 17 ga Janairu 1981 tana da shekara 73. Aka kai ta Rose Hill, aka haƙa mata kabari a gefen na autan nata, wanda ya tsallake teku har Minsk, ya kuma ɓoye mata adireshinsa a Dalas.

Masu aiko da wasiƙu, na ga saƙonninku, za mu koma kansu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku gaida mini su Mama.